Neman shawara: yadda zan haɗa darussa huɗu wajen koyar da al'adun duniya a makarantar tsakiya

Malamin Gadarif ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da iyayen da ke wannan zaure, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata makarantar tsakiya ta maza a nan Gadarif, gabashin Sudan, kuma ajin da nake magana a kansa na yara ne 'yan shekara 13 zuwa 14. Tun da aka dawo da matakin tsakiya na shekara uku nake da burin in ga mun daina koyar da duniya a matsayin jerin sunayen manyan birane, waɗanda yaro zai haddace daren jarrabawa ya zubar da su a bakin ƙofa idan ya fito. Bayan yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman bayan da mutanen Madani suka kwararo mana a ƙarshen shekarar 2023 ɗin, ajina ya kai ɗalibai 74. Akwai Hausawa da Fulani da Barebari, akwai Masalit da Shukriyya da Bani Amir, akwai yaran Khartum da ba su taɓa ganin gonar riɗi ba sai yanzu, sannan akwai biyu da iyayensu mata mutanen Habasha ne.

A zangon da ya wuce na shirya abin da na kira ranar al'adu, na raba yaran rukuni takwas, kowane rukuni na ba shi ƙasa guda. Abin bai yi kyau ba, kuma laifina ne. Rukunin da na ba ƙasar Sin suka fito gaban allo suka ja gefen idanunsu da yatsu suna wata gwaranci, ajin ya kece da dariya, ni kuwa na rasa ta cewa domin ni na ce su nuna mana yadda mutanen suke. Da aka zo kan Habasha, sai duk aji ya juya ya zuba wa wani yaro ido, ya kifa kansa a kan benci, washegari kuma bai zo makaranta ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne rukunin Najeriya. Na nemi wani yaro ya gaishe mu da Hausa, yaron da na san mahaifinsa a kasuwar hatsi kuma da Hausa muke gaisawa da shi kullum, amma ya dube ni ya ce mini da Larabci shi ba ya jin wannan harshe.

Yanzu shugaban makaranta ya ba ni mako shida in sake gwadawa, bisa sharaɗin kada darasi ko ɗaya na manhaja ya salwanta. Malamin lissafi da na kimiyya da na Larabci sun yarda mu haɗa hannu, sai dai kowannensu tambayarsa ɗaya ce, wato me zai koyar da ba zai fitar da shi daga littafinsa ba. Wutar lantarki ba ta tsayawa, ba mu da kwamfuta, kuma taswirar duniya ɗaya ce tak a makarantar, ita ma ta yage daidai kan Kudancin Amurka. Daga ina ya kamata mu fara, wane zare ne zai ɗinke darussan nan huɗu, kuma ta yaya za a ba da maki ba tare da an zalunci yaro ba?

Tsohon Malami, Maiwurno, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi kuskurenka a fili, domin mu da muka shekara talatin da alli a hannu mun san ba kowane malami ke iya haka ba. A ganina ka ɗauko igiyar ne daga ƙarshenta mai nisa. Yaron da bai taɓa haɗuwa da mutumin Sin ba, idan ka ce ya kwatanta shi, abin da zai kawo maka shi ne abin dariyar da ya tsinta a waya. Ka fara da hanyar da ta bi ta ƙofar gidansu, wato tsohuwar hanyar aikin hajji ta ƙasa.

Ka sa su ɗora zare a kan taswira daga Kano zuwa Makka, su auna shi da ma'aunin da ke gindin taswirar, za su samu kimanin kilomita 3,500 a miƙe. Nan malamin lissafi ya samu abin yi ba tare da ya rufe littafinsa ba: idan ayari yana cin kilomita 20 a wuni, tafiyar kwana 175 ce, wato wata shida ba kaɗan. Daga nan sai ka jefa musu tambayar da ke buɗe tarihi, ka ce to me ya sa kakanni suke shekara biyar, wasu goma, wasu ma ba su ƙarasa ba har abada? Amsar tana cikin zango-zangon hanyar. Ana ratsa Borno, a shiga Wadai ta Abeshe, a faɗo Darfur ta Jinaina da Fashir, a zo Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso a wajen 1912, sannan a nufi Sawakin a haye teku zuwa Jidda, tazarar kilomita 300 da ɗoriya. A kowane zango guzuri yana ƙarewa, sai a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi aure, a haifi 'ya'ya, a koyi harshen wurin. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga a Jazira, mutanenmu da yawa nan suka samu aikin da ya riƙe su. Garinmu kansa darasi ne, domin bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa wannan gari a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar.

Sai dai in ja kunnenka kan abu guda. Kada ka bari darasin ya zama labarin Hausawa kaɗai, domin idan ka yi haka ka maimaita abin da ya faru da yaron nan na Habasha, ido saba'in a kan mutum ɗaya. Ka nuna musu cewa ƙaura gadon kowa ce a ƙasar nan. Rashaida sun tsallako Bahar Maliya daga Hijaz a ƙarni na 19, mutanen Halfa an kwaso su zuwa Sabuwar Halfa a 1964 saboda ruwan madatsar Aswan ya cinye garinsu. Sunayen da ake jifan yara da su a filin wasa kuwa, kai da kanka za ka ɗauko su ka rubuta a allo ka warware asalinsu: Fallata sunan da Barebari ke kiran Fulani ne, Takari kuma daga Takrur ya fito, wata tsohuwar daula da ke bakin kogin Senegal. Na sha gani da idona cewa kalmar da aka fede a allo ba ta ƙara yin kaifin da take da shi a da. Malamin Larabci shi kuma ya sa kowane yaro ya zauna da wani dattijo a gidansu ya rubuto shafi ɗaya kan inda zuriyarsu ta taso, wannan ya zama aikin insha'insa na watan.

Malamar Kimiyya, Kasala, ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninka, kuma zancen zare da taswira zan ɗauka in kai ajina. Amma ina neman izini in saɓa maka a wuri biyu. Na farko, hanyar hajji tana tsayawa a Afirka da ƙasar Larabawa, alhali Malam al'adun duniya ya ce, har da Sin da Amurka. Na biyu kuma, a halin da muke ciki, tambayar daga ina kuka zo ba ta da sauƙi kamar da. Na taɓa ba 'yan matana irin wannan aiki na zama da dattijo, wata yarinya ta miƙo mini takarda ba komai a kanta, da na matsa sai ta ce kakar da za ta tambaya a hanyar gudu suka binne ta. Tun daga ranar na bar wannan aiki a matsayin zaɓi ga mai so.

Abin da ya yi mini aiki shi ne abinci, domin ba ya nuna kowa da yatsa kuma kowa yana da ta cewa a kansa. Na shigo aji da tsinken agashe guda ɗaya, wato tsire, a cikin takarda, na ɗora a tebur, na ce su lissafa mini abin da ke jikinsa. Suka ce nama da ƙuli-ƙuli da barkono da citta da kanumfari da gishiri. Daga nan muka bi kowanne zuwa gidansu. Gyaɗa daga Kudancin Amurka take, barkono ma daga nahiyar Amurka, kuma dukansu ba su shigo wannan ɓangare na duniya ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Citta daga Asiya take, kanumfari kuwa daga tsibiran Maluku na Indunusiya, sunansa kuma ta bakin Larabawa ya iso mana. Hannun da ya haɗa su duka a kan tsinke na Bahaushe ne, sunan ma Hausa ne, ga shi yau babu birnin da za ka shiga a Sudan ba ka ji ƙamshinsa da yamma ba. Wata yarinya da ba ta taɓa yarda ta yi Hausa a makaranta ba, ita ta ɗaga hannu ta bayyana wa aji ma'anar kalmar gashi, ba tare da na kira sunanta ba. Ina jin wannan shi ne bambancin da ke tsakanin darasin da na yi da wanda Malam ya yi, domin a nawa ita ta zaɓi lokacin da za ta yi magana.

Masara ta fi kowanne daɗin koyarwa. A kudancin Meziko aka fara nomanta kimanin shekaru 9,000 da suka wuce, amma dubi yadda kowace al'umma ta raɗa mata sunan wanda ta karɓa daga hannunsa. Mu muna cewa masara, sunan da ke nuni ga Masar. Larabawan Sudan suna cewa eish rif, rif ɗin nan kuma Masar ake nufi. Turkawa suna ce mata misir. Su kuwa Misirawan da kowa ke jingina musu ita, sai suka ce dura shami, suka tura ta Sham. Gyaɗa kuma a ƙasashen Larabawa ful sudani ake ce mata, ta zama tamu alhali baƙuwa ce. Malamin Larabci zai yi mako guda cur a kan wannan, ya ƙara da shayi, kalmar da ta taso daga ca ta mutanen Sin ta bi hanyoyin fatake har ta iso bakinmu, yayin da Turawan Ingila da Faransa suka samu tasu daga te, lafazin mutanen gaɓar Fujiyan, ta hannun 'yan kasuwar Holan.

Ta fuskar kimiyya ban bar manhaja ko taki ɗaya ba. Muka shuka dawa da masara da gyaɗa a gwangwanayen madara, yara suka ga ƙwayar gyaɗa tana rabewa biyu, ta dawa da ta masara kuwa ba sa rabewa, wanda shi ne ainihin darasin rabe-raben tsirrai. Bayan sun yi tsawo muka hana wasu gwangwanayen ruwa muna rubuta abin da muka gani kullum, masara ta riga dawa yin laushi. Daga nan yaran Gadarif za su gane da kansu dalilin da ya sa dawa ce ta mamaye baƙar lakar yankinsu. Kada kuma a manta a gaya musu cewa mu ma mun ba duniya, domin masu tonon kayan tarihi sun samu shaidar noman dawa a wannan yanki namu na Kasala da ta kai shekaru kimanin 5,000, kuma daga Afirka dawa ta tafi Indiya da Sin.

Uban Yara Uku, Bur Sudan, ya rubuta:

Malamai, ku gafarce ni, ni ba malami ba ne, uba ne mai biyan kuɗin littafi. 'Ya'yanmu sun yi fiye da shekara ba su shiga aji ba, makarantu da yawa sun zama masaukin 'yan gudun hijira, kuma ɗana na aji biyu har yanzu yana tuntuɓe a rabawa mai tsawo. A irin wannan hali ina tsoron mako shida na agashe da shayi, domin ranar jarrabawar ƙarshen mataki ba za a tambaye shi asalin kanumfari ba. Abu na biyu da nake so a amsa mini kai tsaye shi ne iyakar abin. Al'ada ba ta rabuwa da addini, kuma idan aka ce za a koyar da al'adun Indiya ko Sin, dole a taɓo bukukuwansu da abin da suke bauta wa. Yaro ɗan shekara 13 bai gama sanin nasa ba, wa zai tsaya ya tabbatar ba a rikita shi ba?

Malamin Lissafi, Jidda, ya rubuta:

Alhaji, tambayoyinka biyu suna kan hanya, kuma duk malamin da ya kasa amsa su bai kamata ya fara wannan aiki ba. Zan amsa ta farko da misali daga darasina, domin ni ma ajina a nan cike yake da 'ya'yan al'ummomi daban-daban. Na koyar da rabawa da ninkawa da kaso ta hanyar kalandar al'ummomi, kuma ban ga abin da ya kama hankalin yara kamarsa ba. Watan sama kwana 29 da rabi ne, a ninka sau 12 a samu 354, wato shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Sai in tambaye su shekara nawa azumi zai yi kafin ya zagayo lokacin da ya bari, su raba 365 da 11 su samu kusan 33. Wannan ita ce rabawa mai tsawon da ɗanka yake tuntuɓe a kanta, sai dai a nan yana da dalilin son sanin amsar. Daga nan su koyi juya shekara: a cire 622 daga shekarar Miladiyya, a ninka da 33, a raba da 32. Idan suka gwada da 1903 da Baba ya ambata, za su samu 1321, kuma ita ce shekarar Hijirar da aka yi yaƙin Burmi.

Malam na Gadarif yana da wata dama da ni ba ni da ita, domin iyakar Sudan da Habasha ta Gallabat da Matamma tana kusa da shi. Kalandar Habasha wata 13 ce, goma sha biyu masu kwana 30 cif, na ƙarshe kuma kwana 5 ko 6, sabuwar shekararsu tana kamawa 11 ga Satumba a yawancin shekaru, kuma lissafinsu yana bayan na Miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas. Agogonsu ma daga fitowar rana yake farawa, ƙarfe bakwai na safe a wurinmu ƙarfe ɗaya ne a wurinsu. Ga kuma lissafin taurarin damina da manoman Sudan da malaman ƙasar Hausa duka suka sani, irin su Zira'a da Nasra da Ɗarfa da Jabha, masauki 28 kowanne kwana 13, a ninka a samu 364, a bar yara su nemo inda kwana ɗayan ya shiga.

Game da addini, iyakar da nake bi ita ce a bayyana, kada a kwaikwaya. Ana iya gaya wa yaro cewa mutanen Sin suna laƙaba wa shekarunsu sunayen dabbobi goma sha biyu, ba tare da an sa shi ya yi bikinsu ko ya sa tufafin ibadarsu ba, kuma wannan iyakar ita ce za ta hana irin wasan jan ido da Malam ya ba da labari. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ce an sanya mu al'ummomi da ƙabilu ne domin mu san juna, kuma Albiruni, kusan shekaru dubu da suka wuce, ya koyi harshen Sanskirit ya rubuta bayanin addinin mutanen Indiya da lissafinsu dalla-dalla yana nan a Musulminsa. Ina ba da shawara a rubuta wa iyaye takarda tun kafin a fara, a nuna musu abin da za a yi kowane mako da shafin littafin manhaja da ya dace da shi. Maki kuwa kada a ba rukuni gaba ɗaya, domin yaro ɗaya ne zai yi aikin bakwai su ci. Kowane ɗalibi ya riƙe littafin rubutu guda na wannan aiki, kowane malami ya duba shafukan da suka shafi darasinsa ya sa makin cikin na aikin shekara.

Malamin Gadarif ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa abokan aikina amsoshin nan jiya a ɗakin malamai, kuma mun tsayar da shawara. Mako biyu na farko za mu bi abinci kamar yadda Malama ta tsara, mako biyu na tsakiya kalanda da taurari, sannan mu rufe da hanyar hajji da ƙaurace-ƙauracen ƙasar nan, lokacin da nake fatan yaran sun saki jiki da juna. Baba, aikin zama da dattijo zan bar shi ga mai so, wanda ba ya so kuma ya rubuta tarihin wani abinci na gidansu. Alhaji, takardar iyaye tana hannun shugaban makaranta, kuma malamin lissafi ya ɗauki alkawarin cewa babin rabawa da na kaso za su ƙare cikin waɗannan makonni.

Matsalar yagaggiyar taswira ta zama aikin farko, domin gyaɗa da barkono daga daidai wurin da ya yage suka fito. Na samo buhun sukari biyu an farke an ɗinke su wuri guda, yara za su zana nahiyoyin a kai ta hanyar raba taswirar littafinsu gida-gida su faɗaɗa ta, malamin lissafi kuma ya ce wannan ma darasinsa ne. Yaron nan da ya kifa kansa a benci ya dawo makaranta, na same shi shi kaɗai na ba shi haƙuri, kuma ban gaya masa komai game da kalandar Habasha ba tukuna.

Malama, saura tambaya ɗaya gare ki: kwana nawa gyaɗar ta yi kafin ta tsiro a gwangwani, kuma kin jiƙa ta tun dare ko a bushe kika shuka? Ina so mu shuka tun ranar Lahadi domin tsiron ya riski mako na biyu.